Koren Hasken da Ya Ruɗe Ni

Padova, 9 ga Oktoba

Ƙanwata Milica,

Ina gaishe ku da kyau. Ya ƙafar mijinki, ya fara takawa? Kwalaben ajvar, miyar tattasan nan da kika aiko, sun iso, ɗaya ce ta fashe. Ni lafiyata ƙalau, abinci ne dai ba ya shiga.

Shekara ashirin ina kallon yadda mitokondiriya, 'yan injinan da ke ba ƙwayar jiki ƙarfi, ke rabuwa biyu. Furotin da ke tsinka su ba ya ganuwa, sai mun liƙa masa alama mai koren haske. Na daɗe ina rubuta cewa a hankali yake aiki. Watan jiya abokiyar aikina Ornella ta gwada ba tare da alamar ba, sai ga su suna rabuwa da sauri. Ta ce, "Haba Farfesa, ka rataya wa ɗan tsere buhu, ka zauna kana rubuta malalaci ne!" Aka yi dariya, har da ni. Ashe alamar ce ke danne shi. Jinkirin da na yi suna a kansa, ni na jawo shi.

Jasna, tsohuwar ɗalibata a jami'ar Niš, ta faɗa mini haka tun farko. Na ce ba ta iya aiki ba, na ƙi sa mata hannu a digiri. Yanzu ko a bas na rufe ido, koren nan nake gani, ina jin muryarta: "Malam, a sake dubawa."

An ce tana sayar da magani kusa da kasuwarku. Don Allah ki tambaye ta ko za ta yarda sunanta ya zo gaban nawa a takardar gyaran kuskuren da zan wallafa. In ta ƙi, kada ki roƙe ta, kada kuma ki tausasa mini maganarta. Ki rubuto yadda ta faɗa.

Allah ya tsare ku.

Yayanki,
Radovan