Sallar Kwana Uku a Garin Zainab

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin Inna? Muna lafiya a nan unguwar Camberwell.

Na dawo daga wurin autarmu Zainab a Kanada. Garin ƙarami ne, daga can babban titin zuwa Alaska ya fara. Gonaki shimfiɗe iyakar ganinka, kamar hanyar Funtuwa. Na saki jiki, kwana uku ina salla ina kallon gabas, sai Zainab ta gan ni ta ce, "Yaya, nan alƙibla kusan arewa take!" Na duba diary, littafin da nake rubuta al'amuran kullum, salla goma sha biyar ce.

Ka tambayar min Malam ko zan rama. A gida ban taɓa neman alƙibla ba, bayan Baba kawai nake tsayawa.

Gaida Inna, ta sa ni a addu'a.

Ƙaninka,
Habibu