Na Kwashe Karan da Shanun Baffa Lado Suka Saba Ci

Assalamu alaikum, Baba Ɗan'inna. Don Allah ka taimake ni da shawara, na yi ɓarna da hannuna, na rasa ta inda zan gyara.

Ni manomi ne a ƙasar Miga. Tun zamanin mahaifina, da an gama girbi Baffa Lado yakan sauko da shanunsa gonarmu, su ci kara, su bar mana taki. Ba rubutu, ba ciniki. Matarsa Inna Indo ta aiko mana da kindirmo, mu aika musu da damin gero.

'Yata Mu'minatu tana shekarar ƙarshe a karatun kimiyya a Dutse. Aikin da aka ba ta shi ne ta niƙa karan dawa da totuwar masara, ta jiƙa, ta dafa, ta zuba wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, ta rufe ya tsima. Wai daga nan ake samun sinadarin tsami, irin wanda ake adana abinci da jimar fata da shi. Ni dai ban gane duka ba, amma na ji daɗi, don ita ce ta fara kaiwa nan a gidanmu. Da ta ce in tanadar mata kara, sai na sa aka kwashe gonar kakaf. Ban tambaye ta yawan da take so ba, ban kuma aika wa Baffa ba.

Ya iso da shanu ya tarar da gona fayau. Ya gaishe ni, ya tambayi iyali, ko ruwa bai sha ba ya kora shanunsa. An ce yana wajen Garki. Ita kuwa da ta zo, buhu uku ta ɗauka. Sauran yana jibge a bayan gida, gara ta fara ci. Kunya ta hana ni zuwa wurinsa. In ce masa me? Don halittun da ba a gani na hana shanun da ake gani?

Naka, wani manomi daga Miga.

AMSA

Wa alaikumus salam. To, matambayi dai ba ya ɓata. Da ka tambayi yarinya, da buhu uku ya raba gardama. Yanzu ga shi gara ce kaɗai ta ci riba.

Ba ka yi laifi ba da ka tsaya wa 'yarka. Gona taka ce, aikinta kuma na kirki ne, tunda abin da wasu ke cinna wa wuta take mai da shi abin amfani. Amma shi Baffa, ba rashin kara ya kore shi ba. Mutum ya tako da shanu kwana da kwanaki bisa amanar da ta girme ka, ya zo ya ga ko saƙo bai isa a aika masa ba.

Kada ka aika kowa, zumunta a ƙafa take. Ka ɗora karan nan a amalanke tun gara ba ta gama ba, ka bi shi. Ka fara da ban haƙuri, ka bar bayanin kimiyya, tunda kai ma ba ka gama gane shi ba. Ka tafi da Mu'minatu, ta zauna da Inna Indo. Ɗan tsohon nonon da Inna ke ɗigawa a sabuwar madara ta wayi gari kindirmo, dangin halittun nan ne ke ciki, tsamin ma shi ne. Ta riga 'yarka fara wannan aiki da shekara arba'in, sai dai a ƙwarya take yin nata. Gidan da ake dama fura da nono ba za a ɗauki wannan magana raini ba.

Baɗi kuma a tambayi yarinya awonta. In totuwa za ta wadatar, a ba ta, shanu ba su cika damuwa da ita ba, a bar musu gonarsu.

Wataƙila ranar farko ya amsa maka sama-sama. Ka jure. In ka ga an miƙo maka ƙwarya, ka sha, an huce ke nan. Allah ya ba Mu'minatu sa'a, ya maido da shanun Baffa gonarka kafin damina ta tambaye ka taki.