Tarwaɗar Baba a Falon Gesse

Argungu,
9 ga Afrilu, 1993

Zuwa ga ƙanena Abdussamadu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Hauwa'u da aikin gwamnati. Mu nan sai godiya, idon Baba ne dai kullum jiya i yau.

Dole in yaba maka. Duk zuriyarmu ta masunta babu wanda ya taɓa gina wa kifi ɗakin gilashi sai kai. Da na zo unguwar Gesse a Birnin Kebbi na ga falonka, har na ji kunyar warin bandar da nike sayarwa. Ga ƙwan lantarki a bisa, ga farin dutse a ƙasa, ruwa garau ya fi wanda muke sha. Boko ya yi rana.

Sai dai wagga tarwaɗa ba ta yi makaranta ba. Na zauna ina kallo: Hauwa'u ta tura ƙofa, tarwaɗar ta zabura ta daki gilashi. Abokinka ya ƙwanƙwasa da makullin babur, ta sake daka. Bakinta ya saɓule, gefenta duk ƙurji. Kai kuma kana faɗa wa baƙi wai wasa take yi.

Abdu, a bakin gulbin Matan Fada aka yanke maka cibi. Yaushe ka ga tarwaɗa na shan rana? Duhu take so, da taɓo, da ramin da za ta cusa kai. Shi ya sa na kife mata fasasshiyar tukunya, na rufe gefe biyu da zanena, na kashe ƙwan nan. Kafin in gama la'asar ta shige ta kwanta, sai gashin bakinta ke motsi a ƙofa. Kar ka taɓa. Ka san ita ce kamun Baba na ƙarshe kafin ya rataye homa ya bar sana'ar su, kuma ya hana ni ita ya ba ka da rai. Kullum sai ya tambaye ni ko tana ci.

Ka gaishe da mutanen gida.
Yayarka,
Ruƙayyatu

Argungu,
27 ga Afrilu, 1993

Abdussamadu,

Bayan gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Ni kam ba lafiya ba, tun da Dikko direba ya miƙo mini takardarka a kasuwa.

Ashe daraktanku zai zo cin abinci, sai ka ga tukunya ƙauyanci ce, kuma mi amfanin kifin da ba a gani? Ka cire ta, ka yaye zane, ka kunna wuta, aka kewaye ta ana nuni da cokali. Ka rubuta cewa ta yi tsalle ta daki murfi, kwana biyu tana iyo a karkace, ta mutu. Ba ka rubuta abin da Hauwa'u ta gaya wa Dikko ba: da darakta ya tambayi inda ka samo ta, ka ce wani tsoho ne a ƙauye. Wani tsoho! Da lalube cikin taɓo wanga tsoho ya kai ka inda kake zaune kan kujera mai juyawa.

Yanzu kuma wai in zaɓo maka mai kama da ita, kar Baba ya sani. Ina da su cike da baho, amma ba zan yi ba. Ina iya sayar wa baƙo kifin jiya da rantsuwa, ban iya yi wa ubana.

Ga labari. Ranar Jumma'a zan kawo shi asibitin ido na Birnin Kebbi, ya ce daga can a wuce da shi gidanka. Tunda ba ya gani sosai, so yake ya sa hannu a ruwan ya taɓa ta. Ban faɗa masa ta mutu ba.

Ni dai tabarma zan shimfiɗa masa in koma gefe. To, ranka ya daɗe, kai za ka faɗa masa, ko ka bari sai ya gama naɗe hannun riga?

Yayarka,
Ruƙayyatu