Agogon Ladanin Kwandiko

Birnin Kudu.

Zuwa ga maigidana, Abban Nasiha,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, yaya aiki, yaya sanyin Gembu? Mu nan ƙalau muke. Nasiha kullum sai ta tambaye ka, jaririnka kuwa ban da tsotso da barci bai iya komai ba, halin wani da na sani.

Abin da ya sa na ɗauki biro, maganar ba ta waya ba ce, don ɗaki ɗaya muke kwana da Inna tun da ta zo yi mini wankan jego. Ranar Talata hadari ya haɗo a garinmu Kwandiko da yamma, gari ya yi duhu. Baba ya kira magariba, rabin unguwa suka sha ruwa, sai hadarin ya washe ga rana tsaye. Yanzu mutane za su rama azumin ranar, kuma dattawan masallaci sun ce bayan salla za su zauna a kan ladancin.

Da labarin ya iso, Inna ta yi ta kuka, sannan ta faɗa mini abin da suka daɗe suna ɓoyewa. Idon Baba ya tafi, haske da duhu kawai yake rarrabewa. Ita ke duba agogon bango, in lokaci ya yi ta buga murfin tukunya, shi kuma ya miƙe ya nufi masallaci. Ba su taɓa yin zancen da baki ba. Yanzu da take nan wurina, babu mai buga masa. Ka san tun kafin a haife ni yake kiran sallar nan. In aka karɓe ladancin, ina tsoron zai shige ɗaki ne kawai ya zauna.

Na yi tunanin waya mai faɗin lokaci, amma kowa zai ji ya gane, Baba kuwa ka san shi. Akwai wani Malam Dabo a bayan kasuwa, mai haɗa agogo da hannunsa, manyan mutane daga Dutse da Kano ke sa shi aiki. Ya ce zai iya yin wanda ake karantawa da yatsa. Tsadarsa sai dai mu ba da bijimin da muke kiwo. Ban amsa masa ba sai na ji daga gare ka.

Taka har kullum,
Ummussalma.

Birnin Kudu.

Abban Nasiha,

Ina gaishe ka gaisuwar kewa, da fatan murar ta sake ka. Saƙonka ya iso. Na karanta wurin da ka ce Babana Babanka ne har takardar ta yi laushi. Allah ya saka maka, ya bar mu tare.

Malam Dabo mutum ne mai wuyar sha'ani. Ya ce shi ba ya yi wa hannun da bai taɓa ba agogo, ko da na gwamna ne. Na rasa yadda zan yi, sai Allah ya kawo Baba ganin jariri, ƙanena ya ɗauko shi a babur. Na aika aka kira Malam Dabo a matsayin maƙwabcin da ya zo barka. Da suka gaisa ya riƙe hannun Baba ya ƙi saki, yana tambayar damina, yana tambayar gero, alhali yatsunsa yake lalubawa. Ina leƙensu ta labule, dariya na cina, hawaye kuma na zuba.

Washegari ya ce mini fartanya ta gama da yatsun Baba, duk kanta ce, ba za su ji ƙananan alamu ba. Wuri ɗaya ne ya rage da laushi, cikin babban yatsa inda yake jan carbi. Don haka zai jera alamun sa'o'i da azurfa, kowace kamar ƙaramin ɗan carbi, ya yi hannayen agogon masu kauri yadda taɓawa ba za ta gusar da su ba, ya sa murfi mai buɗewa ba ƙara. Ba ruwansa da batir, wana shi ake yi kowace safiya.

Abin da ke hana ni sukuni yanzu shi ne miƙawar. In Baba ya karɓa, ya amsa ke nan cewa ba ya gani, kuma ya san na sani. Ka taya ni da addu'a.

Matarka mai kewarka,
Ummussalma.

Kwandiko, Gwaram.

Abban Nasiha,

Sallama da gaisuwa, da fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Daga gida nake rubuto maka, na rako Inna bayan mun yi arba'in.

Agogon ya yi kyau har na ji nauyin fito da shi a gidanmu na ƙasa. Na sa wa Baba a tafin hannu bayan azahar, na ce surukinsa ne ya aiko. Ya shafa, ya ci karo da murfin, ya buɗe. Babban yatsansa ya bi alamun nan ɗaya bayan ɗaya har ya zagayo. Ya koma ya taɓa hannayen agogon. Can ya faɗi lokaci, daidai da na bango. Sai ya ce ashe shi ya sa maƙwabcin nan nawa ya ƙi sakar masa hannu.

Jiya dattawa suka zauna. Ni na yi duk wannan ne don ya ɓoye shi cikin hannun riga, kada kowa ya sani. Amma ƙanena ya ce Baba ne ya fara magana. Ya gaya musu idonsa ya tafi tuntuni, ya nemi gafarar azumin da ya karya wa jama'a, sannan ya ɗora agogon a tabarma ya ce su gwada shi. Liman ya yi ta tambayarsa lokaci yana duba waya, har aka koma raha. Sun bar masa ladancinsa.

Da la'asar ta gabato yau, ya buɗe murfin ya taɓa, ya miƙe. A bakin zaure ya tsaya ya kira sunana, ya miƙo hannu, ya ce in tsallakar da shi kwatar nan ta ƙofar gida, don ya gaji da yin kamar yana ganinta. Tun da nake ban taɓa jin Baba ya nemi taimakon kowa ba. Na riƙe shi har ƙofar masallaci, na koma gindin darbejiya da goyona na tsaya. Da ya ɗaga murya ban iya amsa kiran ba, kuka ya hana ni.

Ya ce in ka zo hutu, kai za ka kai shi asibitin ido. Ka yi ƙoƙari ka zo da wuri. Inna da Nasiha suna gaishe ka.

Taka,
Ummussalma.