Kullum Asabar Ce a Wurin Nabilah

Wuse, Abuja.

Zuwa ga Yayana Abdulbasit,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya a Jidda, kai da Anti Halimat da yara. Allah ya ƙara maka lafiya da rufin asiri, ya sa albarka a neman da kake yi. Mu nan sai godiyar Allah. Baban Hafizu yana shagonsa a kasuwa kamar kullum, Hafizu kuma ya koma makaranta. Hajiya tana Funtuwa, ƙafar tata ta yi sauƙi har tana zagaya tsakar gida ba sanda, sai dai tun da abin nan ya faru ba ta cin abincin kirki. Na ba Manniru takardar tunda zai zo Umara, na kuma ce ya damƙa maka hannu da hannu. Na zaɓi rubutu ne saboda duk sanda na kira ka, da na fara maganar 'yarka Nabilah sai ka ce kana kan aiki ka kashe. Takarda kuwa ba a kashe ta, sai dai a ajiye, kuma na san halinka, ba za ka iya kwana da ita a aljihu ba ka buɗe ba.

Yaya, ba ka taɓa ganin wasan nan da idonka ba sai ɗan bidiyon da aka tura maka, don haka bari in gaya maka yadda yake kafin ka ci gaba da kiransa shashanci. Sunansa rola dabi, mata zalla ke yinsa a ƙungiyarmu, kan takalmi mai taya huɗu. Ana zagaya fili ne, kowane ɓangare mutum biyar. Ɗaya tana da tauraro a hular kwanonta, ita ce mai ratsawa ta wuce, sauran huɗun mu yi mata hanya mu kuma tare ta abokan hamayya da kafaɗa da ƙugu. Ba albashi, ba kofin zinariya, ma'aikatan ofis ne da 'yan jami'a da masu shago irina, muna haɗuwa a wani filin ƙwallon kwando mu shata da'ira a kan siminti. Ni da farko gadi ya kai ni, don na ce ba zan bar 'yar amana ta riƙa zuwa inda ban sani ba. Ina zaune da mayafina ina harare-harare, sai Catherine mai horar da su ta dube ni sama da ƙasa ta ce wannan ƙugun nawa asara ne a bar shi a kan benci. Ka san ni da zuga. Wata guda cur ban koyi komai ba sai faɗuwa, don shi ne darasin farko: ka faɗi kan gwiwa, ka dunƙule yatsu kada a taka, ka tashi da sauri. Ni uwar Hafizu da girmana, har suna suka sa mini, Katangar Wuse. Nabilah kuwa Walƙiya suke ce mata, kuma ba su yi ƙarya ba. In ta sunkuya ta shiga tsakanin mata huɗu sai dai ka ga bayanta. Ban yi mamaki ba, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ko ka manta wanda ya karya hannu a kan babur ɗin Kawu?

Ka san abin da ya faru ranar Juma'ar, don kai ka yi shi. Ka ga bidiyon, ka kira da yamma, ka ce in ba ta wayar, abin da ba ka saba ba. Ina gefe ina jin muryarka. Ka ce in ta sake sa takalmin nan ba kai ba ita, ka cire hannunka a kanta. Ta yi kuka har idonta ya kumbura. Na ce mata ta haƙura da wasan gobe, maganar uba ba abin wasa ba ce. Ta ce Christina, ɗayar mai tauraron, ta gurɗe a ƙafa, in ita ma ba ta je ba an watsa wa mutum sama da goma wahalar shekara guda, amma wannan ne na ƙarshe, tana gamawa za ta kira ka ta ba ka haƙuri. Ban wanke ta ba, ta yi laifi. Ina dai gaya maka abin da ke ranta ne lokacin da ta fita.

An ce maka wata ce ta buge ta da mugunta. Ba haka ba ne, kuma ina so ka daina tsine wa yarinyar mutane. Abin da ya cuci Nabilah kitso ne. Bikin ƙawarta Fiddausi ya kama ranar Lahadi, ita ce babbar ƙawa, ta wuni a gaban mai kitso ranar Alhamis aka yi mata manya da ƙarin gashi, aka naɗe su a ƙeya. Ranar wasa hular kwanon ta ƙi shiga. Hular nan kuwa ba ƙoƙon waje ne ke tsaron kai ba, wani soso ne mai tauri da ke ciki. Sai ta shiga banɗaki ta ɓamɓare shi ta cusa a jaka, ta ɗora ƙoƙon a kan kitso da ɗan hijabinta. Ba ita ta fara ba, rabin 'yan ƙungiyar sun taɓa yi lokacin biki ko Salla, Catherine ta yi faɗa har ta gaji. Kafin a fara, alƙalin wasa yakan bi mu ɗaya bayan ɗaya ya kama hula ya jijjiga, in ta motsa ba za ka shiga ba. Ya jijjiga tata ta zauna daram, don kitson ya cike ta tam. Ni kaina ina bayanta a layi, ban ga komai ba. Sai a asibiti na buɗe jakarta neman katinta na ga soson.

Wasan a wata makaranta aka yi wajen Ushafa, an haɗa ƙungiyoyi uku, horo da safe, karawa da rana. Muna gaba da maki. Nabilah ta fito daga kwana da gudu, wata Perpetual ta ɓangarensu ta sa mata kafaɗa, irin bugun da ni ma nake yi sau ashirin a wasa ɗaya. Da gaba ta faɗi da ba komai. Tayar ce ta zame ta tafi ta baya, ƙeyarta ta daki siminti. Ƙarar nan har yau tana kunnena, kamar an yar da ƙwarya. A al'adar wasan, in wata ta faɗi ba ta tashi ba, ana busa usur kowa ya durƙusa kan gwiwa ɗaya a inda yake, a yi shiru har sai ta miƙe a tafa mata. Na sha durƙusawa haka, ba a daɗewa ake tashi ana dariya. Ranar na durƙusa ina jira, ina ganin tayar takalminta tana juyawa ita kaɗai har ta tsaya, yarinya ba ta motsa ba. Ban san sanda na rarrafa na isa gare ta ba. Da aka ɗauke ta zuwa mota na waiwaya, mata sama da talatin, Musulmi da Kirista, suna nan a durƙushe ba wadda ta tashi. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, na sani, amma wallahi Yaya zuciyata ba ta daina ƙuna ba.

Labarin aikin tiyatar da aka yi mata a ka da kwanakin da ta yi ba ta san inda take ba duk ka ji. Kitson da ta ƙi tsefewa a gabana aka aske shi. Abin da ba ka tsaya ka ji ba shi ne yadda take yanzu. Ta dawo gida, tana tafiya, tana ci, tana salla, ta san kowa, ta san karatunta na baya. Amma sabon abu ba ya zama a kanta. Abin da aka yi da safe kafin la'asar ya zube, in ta yi barci kuwa an share allon gaba ɗaya. Likita ya ce wasu yana dawo musu a hankali, wasu rabi, wasu ba ya dawowa, kuma ba zai yi mini alkawarin da ba nasa ba. Wasan kam ta gama shi har abada, wannan ka kwantar da hankalinka, ka samu abin da kake so ta hanyar da ba wanda ya roƙa.

Abu na ƙarshe da ya zauna mata shi ne yammacin Juma'ar nan. Kullum ta farka, a wurinta Asabar ce, kuma jiya ka yi mata faɗa. Ana idar da sallar asuba za ta fara neman jakar wasanta, ta ce mu yi sauri kada motar Ushafa ta tafi. Sai ta kai hannu kanta ta ji ba kitso, ta ji tabon ɗinki, ta dube ni a tsorace. Sai in zaunar da ita in ba ta labari tun daga farko. Ta tambayi wa ya ci, in ce an tsayar da wasan. Ta tambayi bikin Fiddausi, in ce an yi, amarya ta tare, ta zo duba ta ma har sau da yawa. Duk wannan tana ɗauka da haƙuri. Daga nan sai ta tambaye ni ko Baba ya sani. In ce ka sani. Sai ta ce to shi ke nan, bakinka ne ya kama ta, in ta mutu a haka ina za ta. Kukan da take yi a nan ba irin na ciwo ba ne. Wata guda da kwanaki ke nan ina ganin wannan kowace safiya, ita kuwa kowace safiya shi ne karonta na farko. Perpetual takan biyo kafin ta wuce ofis ta zauna da ita, kuma kullum sai ta gaya mata da bakinta cewa ita ce ta buge ta, kullum Nabilah sai ta ce ba komai, wasa ne. Perpetual ɗin nan kuwa yarinya ce da ba ta haɗa komai da mu ba.

Na san za ka ce ai ka yafe. Gaskiya ne, ka kira Baban Hafizu ka ce a gaya wa yarinyar nan komai ya wuce. Na gaya mata. Ta ce lallashinta nake yi, ta san Gwaggo ba ta son ganin hawayenta. Na kunna mata saƙon muryar da ka turo kana tambayar jikin mai jiki, ta saurara ta ce ai ba sunanta a ciki, ƙila jikin Hajiya kake tambaya. Me zan ce mata? Na san 'yar fari ce, na san tun da aka haife ta ba ka taɓa kama sunanta ba, haka muka taso muka ga iyayenmu suna yi, ko ranar da mahaifiyarta ta rasu ni ka miƙo wa ita ba ka ce komai ba. Ban raina kunya ba, ado ce. Amma Yaya, ranar da za ka yi fushi ba ka aiko kowa ba. Ka ce a ba ta waya, ka faɗa mata da bakinka, har sunan nata ka kira, na ji da kunnena. Fushin ka kai da kanka, yafiyar kuma ka ba ɗan aike. Wannan ne ya fi damuna, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ba na ce ka bar aikinka ka taho ba, na san ba a hannunka yake ba. Ba na neman komai na magani, Allah ya rufa asiri. Abin da nake roƙo shi ne ka kira ta da safe, lokacin da muke idar da salla a nan, kafin ta kai hannu kanta. Ka kira sunanta, ka ce ka yafe mata duniya da lahira, ka sa mata albarka. Kuma kada ka ɗauka sau ɗaya zai isa, don gobe za ta tashi ba ta san ka kira ba. Jibi ma haka. Sai ka sake, ka kuma sakewa, kamar ba ka taɓa faɗa ba, har ranar da Allah zai sa ya zauna, in zai zauna. Likita ya ce abin da ake maimaitawa kuma ya taɓa zuciya ya fi saurin kamawa. In ma bai kama ba, ta samu wunin ranar cikin salama, kuma ita yanzu wuni ɗaya shi ne duk abin da take da shi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ni zan iya yi mata wanka, in ba ta magani, in ba ta labarin faɗuwarta sau dubu, amma wannan kalmar ba a bakina take ba.

Ka gaishe mini da Anti Halimat da kyau, ka ce na ga addu'o'in da take turowa, Allah ya saka. Ka shafa mini kan yara. Baban Hafizu da Hafizu suna gaishe ka, Hajiya ma ta ce in na rubuta in sa tata. In ka shiga Harami ka sa mu a addu'a. Ɗazu Nabilah ta same ni ina rubutu ta tambayi wa nake rubuta wa, na ce kai ne, ko in sa gaisuwarta. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce a'a, in bari tukuna ka huce, jiya-jiya ka yi mata faɗa.

Wassalam. Taka ƙanwa,
Zakiyya