Idon Hagu na Dogo

Lahadi, 2 ga Maris

Yau ma an tsayar da ni gaban coci. Baba Fasto ya ce, “Ku dubi Maman Gafara, ku koya.” Wata goma sha ɗaya ke nan da Dogo direba ya buge Baban yara a kan kekensa, ni kuma na miƙe a bakin kabari na ce na yafe, na je wurin 'yan sanda na ce a kashe maganar. Ban san me ya buɗe bakina ranar ba. Tun daga nan sunana ya ɓace, sai Maman Gafara. Coci shida aka kai ni ba da shaida. Na haddace inda mata ke fara kuka.

Gaskiya a nan kawai zan faɗe ta: in na hango ƙeyar Dogo a layi na uku, sai in kau da kai, ko ganinsa ba na son yi.

Talata, 4 ga Maris

Matar Fasto ta kawo yadi a yi mata riga, tana ta washe baki. Wai dattawa sun yanke shawara: sabuwar bas ɗin makarantar coci, Dogo za a ba. Tun hatsarin ba wanda ya ɗauke shi aiki, ga 'ya'ya biyar. Ta ce, “Ke kika buɗe ƙofar, mu bin ki kawai muke yi.” Har an ware wa Autata kujera kyauta a gaba, ranar farko za a ɗauki hoto.

Na auna kafaɗarta sau uku, ban riƙe lambar ba.

Laraba, 5 ga Maris

Bari in rubuta, ko zan samu in numfasa. Wata ɗaya bayan jana'iza Dogo ya zo shago, ya durƙusa gefen keken ɗinki. Ya ce idonsa na hagu ya shekara biyu ba ya ganin komai sai duhu-duhu, kuma ta hagu Baban yara ya fito. Ko matarsa ba ta sani ba. Ya ce, “Mama, ke kaɗai na gaya wa, don ke ta Allah ce. Ki rufa min asiri.” Na ce to.

Wannan “to” ɗin ce ta ɗaure ni. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fita ba.

Juma'a, 7 ga Maris

Na ce wa Matar Fasto Auta ta fi son tafiya da ƙafa. Ƙarya. Yarinyar ta yi kuka har da shure-shure.

Lahadi, 9 ga Maris

Wa'azi a kan ƙauna mai rufe zunubai masu yawa. Na zauna ina tambayar Ubangiji a zuci, to har da makahon ido take rufewa? In na yi magana, za a ce na lashe amaina, dama gafarar ta baki ce, na jira sai da mutum ya ga abinci na ture masa kwano. Kuma wa ya sani ko gaskiyarsu ce? Ni kaina ban san ko yaran nake ji ba, ko so nake in ga Dogo a ƙasa. In na yi shiru kuma, yara talatin ne a motar. Gaba kura, baya sayaki.

Laraba, 12 ga Maris

Maman Tagwaye, maƙwabciyata, ta kawo kayan makarantar 'yan biyunta a rage musu tsawo. Ta sa su a jerin 'yan bas. Murna take, wai ta huta da raka su tsallaka titi. Har da tsokanata: “Ke dai rowa, kujerar kyauta ma kin ƙi!” Na yi dariya da ita, allura a bakina.

Matar nan ita ta zauna da ni sati biyu lokacin makoki, ita ta riƙa yi wa Auta wanka. Na cire tawa, na bar nata. An ce ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka. Ni na ƙaunaci kaina, maƙwabciya kuma na rage wa 'ya'yanta wando. Kunya ta hana ni cin abincin rana.

Asabar, 15 ga Maris

Maganar Allah ta ce a fara samun ɗan'uwa shi kaɗai, to na je. Na sami Dogo a harabar coci yana wanke bas ɗin kamar jaririya, har tayoyi yake gogewa. Na ce ya je wurin dattawa da bakinsa, ko ya ce ba ya son aikin. Ya ce ya saba, yana juya wuya sosai, ba zai wuce gudun keke ba. Gudun keke! A gabana ya faɗi haka.

Da na dage, ya ajiye soso ya ce, “Mama, ashe ba ki yafe ba.” Na ce na ba shi zuwa Alhamis, ranar zaman dattawa.

Litinin, 17 ga Maris

Takardar gayyata daga taron mata na shiyya, in je in ba da shaida wata mai zuwa. Mata dubu, in ji su. Na sa ta ƙarƙashin almakashi.

Na gaya wa ƙanwata rabin zancen. Ta ce, “Yaya, ki rubuta wasiƙa ba suna mana.” Na ɗauki biro na ajiye. Mutum ya durƙusa ya gaya min ido da ido, ba zan sare shi ta baya ba. Na ci ladan kuturu wata goma sha ɗaya, dole in yi masa aski.

Laraba, 19 ga Maris

Bai je ba. Gobe ne.

Alhamis, 20 ga Maris

An gama.

Na shiga ofishin Fasto da ƙarfe huɗu, dattawa biyar a zaune, Dogo a bakin ƙofa yana jiran a miƙa masa makulli. Sun zaci albarka na zo sa wa, har Babban Dattijo ya ba ni kujerarsa. Na faɗi maganar idonsa a tsaye.

Baba Fasto ya ce, “'Yata, kin tabbata ba ɗacin zuciya ke magana ba?” Na ce, “Baba, ɗacin yana nan, bai taɓa tafiya ba. Amma ku rufe masa idon dama ku gani.” Wannan ne karon farko da na faɗi haka a gaban mutane.

Wani dattijo mai kemis ya sa tafin hannu ya rufe wa Dogo idon dama, ya ɗaga yatsu uku. Dogo ya ƙura ido, sannan ya ce biyar. Ba wanda ya kalli wani. Da zai fita ya tsaya kusa da ni ya ce a hankali, “Ke kaɗai na gaya wa.” Da zagina ya yi, da ya fi min sauƙi.

Lahadi, 23 ga Maris

Ba a tsayar da ni ba. Matar Dogo ta ja 'ya'yanta ta canza layi da ta gan ni. Na ji wata a bayana tana cewa wata goma sha ɗaya tana riƙe da wuƙa a zani. Maman Tagwaye ma, da na zaci za ta gode, cewa ta yi, “Kin sani tun ranar da na kawo ɗinkin?” Na ce e. Ta tafi ba sallama. Tana da gaskiya.

Taron mata sun aiko, wai sun samu wata mai magana.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Ɗinki ya ragu. Wani tsoho ke tuƙa bas ɗin yanzu. Dogo dako yake yi da baro a bakin kasuwa, ta gaban shagona yake wucewa, ba ya gaisuwa.

Da hantsi ya zo tsallaka titi da buhunan siminti biyu, wani mai babur ya taho a guje ta hagunsa. Ban san lokacin da na tashi ba, har kujera na kifar. “Dogo! Hagunka!” Ya ja baya, babur ya shafi bakin baron ya wuce. Dogo ya tsaya yana haki, ya juyo gaba ɗaya don ya gan ni da idon mai kyau. Sannan ya tura baronsa.

Kada in mai da shi wani abu. Ko akuya ce zan yi ihu. Sai dai na koma kan keke na kasa zura zare, kuma na ji bakina yana ta cewa na gode Yesu, na gode Yesu. Sai da na faɗa kusan sau biyar kafin na tuna a kan wa nake godiyar.