Tsohon Hannu, Sabon Yare

Litinin, 3 ga Maris
Manaja ya tara mu. Daga wata mai zuwa, duk manhajar kamfani da sabon yaren kwamfuta za a rubuta ta. Wanda bai iya ba, teburin amsa waya yana jiransa. Ni ya kalla, ko kuwa ni ne na tsargu.

Laraba, 5 ga Maris
Darasin farko. Malamar da aka ɗauko sa'ar 'yata ce. Ta nuna mana yadda ake raɗa wa abu suna a ba shi lamba ya riƙe. A wannan yaren, in ka ba shi biyar, biyar ɗin ke nan, sai in tun farko ka sa alamar cewa zai canza. Na ce tsohon yaren bai taɓa takura ni haka ba. Ta ce, "Shi ya sa yake barinku ku faɗa rami, Baba." Aka yi dariya. Rabin abin da suke taƙama da shi a ofis ɗin nan ni na gina.

Asabar, 8 ga Maris
Jan rubutu mai nuna kuskure daga sama har ƙasa. Na kashe kwamfutar.

Talata, 11 ga Maris
Yau sharaɗi da maimaitawa. Dabarata ita ce in rubuta da tsohon yaren a takarda, sannan in juya shi layi-layi. Malama ta tsaya a kaina. "Baba, fassara kake yi. Ba za ka iya ba sai ka saki wancan." In sake shi in kama me? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
Maman yara ta ce amsa waya ma aiki ne. Abincin bai ciwu ba.

Alhamis, 20 ga Maris
Gwaji. Kowa ya gama ya fita, ni ko rabi ban kai ba. Na ga an kai sabuwar kujera teburin waya.

Juma'a, 28 ga Maris
Tsohuwar manhajar sito ta tsaya, aka kira ni, tunda ba mai gane mata sai ni. Na zauna da murnata. Gyaran ba wani abu ba ne. Na rubuta, ta ƙi karɓa. Da na duba, ashe da sabon yaren hannuna ya rubuta, har da alamar canzawa. Na goge, na zauna ina lalube yadda ake faɗinsa a da. Sai da na leƙa layin sama na kwafa, kamar baƙo.
Litinin za a fitar da sunayen waɗanda za su koma teburin waya. Ban gaya wa kowa abin da hannuna ya yi ba. Gajiya ce kawai.